Tarihin Tattasai da Masu Borin Jini



Mu ɗauka ranar suna ce a wani ƙauye na ƙasar Tasawa. An yanka rago. An dafa shinkafa, an yayyanka albasa da ɗanyen tattasai kore an barbaɗa a kai. Mutum 10 sun kewaye tire guda. Kowa ya ci ya ƙoshi. Ba a gama wanke hannu ba sai maigida ya fara susa. Leɓensa ya kumbura. Idonsa ya yi ja yana hawaye. Jikinsa ya yi rudu-rudu kamar wanda aka zane da bulala. Sauran mutum 9 kuwa lafiyarsu lau.

Ka san abin da zai biyo baya. Kafin la'asar an fara raɗa. Wa ta dafa? Wa ta zuba? Ta hannun wa kwanon ya biyo? In mata 2 ne a gidan, to, ɗaya ta shiga uku. An sha kashe aure a kan zargin da bai kai wannan ba.

Alhali kuwa sau da yawa babu mai laifi. Akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar wani abinci, ko da kowa na cinsa lafiya. Hausawa na ce wa wannan borin jini. Likitoci na ce masa alerji. Tattasai yana cikin abincin da ke iya tayar da shi, ko da yake ba ya cikin na gaba-gaba. Don ka gane lamarin, sai ka ji labari 2: yadda tattasai ya zo mana, da yadda aka gano abin da ke sa jini bori.

Kafin tattasai ya zo

In ka tambayi tsohuwa tun yaushe ake sa tattasai a miya, za ta ce tun fil azal. Ba haka ba ne. Tattasai baƙo ne a ƙasar Hausa. Haka barkono, wanda muke kira tonka, haka attarugu. Duk dangi ɗaya ne, kuma asalinsu nahiyar Amurka. Mutanen ƙasar Meksiko sun fara noma su fiye da shekara 6,000 da suka wuce.

Kada ka zaci miyar kakanninmu lami ce. Suna da masoro, suna da kimba, suna da citta mai ƴaƴa, ga daddawa ga kanwa. Kayan yajin Afirka ta Yamma har suna suka yi a duniya. Ayarin raƙuma yakan ratsa hamada da citta, har ta kai kasuwannin Turai, inda ake sayenta da tsada.

Tsadar yaji ce ta fito da Turawa cikin teku. Mutanen Fotugal suka biyo gaɓar Afirka da jiragen ruwa. A 1482 suka gina ganuwar Elmina, a ƙasar da ake kira Gana yau. Suna sayen zinariya, suna sayen citta, a ƙasar Bini kuma suna sayen masoro. Daga baya cinikin bayi ya rinjayi duk sauran.

A 1492 wani matuƙin jirgi mai suna Kiristofa Kolombus ya tashi daga Sifaniya da jirage 3. Yana neman gajerar hanya zuwa Indiya, ƙasar masoro. Ya yi yamma, ya yi ta tafiya, ranar 12 ga Oktoba ya sauka a wani tsibiri. Ya zaci ya iso. Ashe wata duniya ce daban ya faɗa. Masoro bai samu ba. Amma ya tarar mutanen tsibiran ba sa cin abinci sai da wani ɗan itace mai zafi da suke kira aji. A 1493 ya koma gida da labarinsa, aka kuma kai irinsa Turai. Mutum ya fita neman masoro, ya ɓata hanya, ya dawo da barkono.

Jiragen Fotugal ne suka yaɗa shi gaɓar Afirka da Indiya cikin shekarun da suka biyo. Kuma ba shi kaɗai ya ƙetaro ba. Masara, rogo, gyaɗa, dankali, tumatir, gwanda, taba, duk daga can suke. Ka duba gonarka da kyau. Hatsi, dawa, wake, kuɓewa, yakuwa da gauta su ne ƴan gida. Gyaɗar nan da ta yi wa Maraɗi suna, har gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don cinikinta, ita ma baƙuwa ce.

Daga bakin teku barkono ya yi ta hawowa arewa, gona bayan gona, kasuwa bayan kasuwa. Ko a suna kana jin sawun fatake. Yarabawa na ce wa barkono ata, wani irinsa kuma ata rodo. Faɗi shi da sauri ka ji ko bai yi kama da attarugu ba. Tattasai kuma su tatashe suke cewa. A watan Janairu na 1851, lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, ya sauka Tasawa, barkono ya riga ya yi wajen shekara 300 a Afirka. Baƙon da ya daɗe haka, wa zai tuna ranar zuwansa?

Busasshe da ɗanye

Tattasan da iyayenmu suka fi sani shi ne ja, busasshe. Ana auna shi a tiya, a daka a turmi, a zuba a miya ta yi ja, ko a haɗa yaji. Babbar mahaifarsa a Nijar ita ce jihar Difa, a bakin kogin Komadugu Yobe. Buhunansa na bin babbar hanya ta Damagaram da Tasawa zuwa Maraɗi, wasu kuma su ƙetara Najeriya. A 2015, bayan hare-haren Boko Haram a Boso da Difa, hukuma ta hana cinikinsa a can, don an ce ƴan bindiga na samun kuɗi da shi. Sai a 2017 aka ɗage hanin. Manoman Difa sun ji jiki a shekarun nan.

Shi kuwa kore, wanda wasu ke kira tsanwa, ba wani iri ba ne daban. Tattasai ne da aka tsinka bai nuna ba. In ka bar shi a jikin uwarsa zai yi ja.

Cin ɗanyensa ya ƙaru ne da ƙaruwar lambu. Dattawa ba su manta da 1984 ba, shekarar yunwar da aka sa wa suna El-Buhari. Damina ta ƙi, Najeriya kuma ta rufe iyaka. Gwamnatin Seyni Kountché ta yi kira ga jama'a su kama noman rani duk inda ruwa ke kusa. Aka gina rijiyoyi, aka raba iri. A fadamu, a bakin tafkuna, a cikin kwarin Gulbin Kaba da ya ratsa ƙasar Tasawa da Mayahi, mutane suka ƙara sabawa da salati, kabeji, karas, tumatir da koren tattasai. Lambu ya ceci gidaje da yawa, har yau yana ceto.

Amma riƙe wannan, za mu dawo kansa: wuta tana lalata wasu daga cikin abubuwan da ke tayar da borin jini a jikin tattasai. Shi ya sa mutum yakan shekara 40 yana cin miyar tattasai lafiya, ranar da ya tauna ɗanye bakinsa ya ɗauki ƙaiƙayi.

Zafi daban, bori daban

Zafin tonka ba borin jini ba ne. Akwai wani sinadari cikin tonka, sunansa kafsaisin. Shi ke yaudarar harshe, harshe ya ji kamar wuta ta taɓa shi. Kowa yana jinsa, sarki da talaka. Tsuntsu kuwa ba ya ji, shi ya sa yake cin tonka ya yaɗa irinta. Ruwa ba ya kashe wannan zafi sosai. Nono ya fi.

A 1912 wani mai haɗa magani a Amurka, Wilbur Scoville, ya ƙago ma'aunin zafin. Yakan tsarma ruwan barkono da ruwan sukari, ya yi ta ƙari, har masu ɗanɗanawa su ce ba su jin komi. A ma'auninsa attarugu mai zafi yakan wuce 100,000. Babban koren tattasai na lambu kuwa sifiri ne. Ba shi da zafi ko kaɗan. Ke nan in wannan ya kumbura wa mutum leɓe, ba zafi ne ya ƙona shi ba.

Haka atishawar da mata ke yi in ana dakan busasshen tattasai. Ƙura ce, duk wadda ta tsaya kusa da turmin za ta yi.

Karen da ya mutu a Paris

Tun zamanin da mutane sun lura wani abinci na cutar da wani shi kaɗai. Dalilin ne ba su sani ba. Hasken farko ya zo ta hanyar da ba wanda ya zata.

A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone garuruwa tun daga bakin Kwara har ƙasarmu, kafin sojojinsu su kashe su a wajen Maijirgi. Shekara 2 bayan haka, a 1901, wasu Faransawa 2 suna kan teku a kan wani aiki daban. Sunansu Charles Richet da Paul Portier. Suna cikin jirgin Yarima Albert na Monako, sun je har tsibiran Kap Ber, yamma da Dakar. Suna binciken dafin wata halittar ruwa mai harbin masunta.

Da suka koma Paris suka ci gaba da gwaji a kan karnuka. Niyyarsu su yi rigakafi. Suna ganin in an sa wa kare dafi kaɗan yau, gobe jikinsa zai saba, kamar yadda lamba ke kare mutum daga agana. Akwai wani ƙaƙƙarfan kare mai suna Neptune. Aka sa masa dafin, ya warware, ya ci gaba da wasansa. Bayan ƴan makonni, a watan Fabrairu na 1902, aka sake sa masa ɗan kaɗan. Nan take ya faɗi. Numfashinsa ya sarƙe, ya yi amai, ya yi zawo. Kafin rabin sa'a ya mutu.

Abin ya ɗaure musu kai. Dafin bai kai na kisa ba. Allurar farko, maimakon ta kare shi, sai ta shirya jikinsa ga halaka. Suka gane cewa jikin karen ne da kansa ya yi tashin hankalin da ya kashe shi. Suka sa wa wannan mummunan bori suna anafilaksi. A 1913 aka ba Richet kyautar Nobel, babbar kyautar masana ta duniya. Portier bai samu ba, alhali tare suka yi aikin. Duniya ke nan.

A birnin Biyana na ƙasar Ostiriya kuma akwai likitan yara, Clemens von Pirquet. A lokacin ana yi wa yara masu ciwon mashaƙo allurar da aka samo daga ruwan jinin doki. Ya lura yaran da aka yi wa allurar karo na 2, jikinsu yakan fi saurin fitar da ƙuraje da zazzaɓi. A 1906 ya haɗa kalmar alerji daga harshen Girka. Ma'anarta: jiki ya canza yadda yake amsawa.

Mutumin da kifi ba ya karɓa

Wannan gwajin shi na fi so ka riƙe, don shi ke wanke matar da aka zarga.

A 1921, a birnin Breslau, akwai likitoci 2, Carl Prausnitz da Heinz Küstner. Küstner ba ya iya cin dafaffen kifi. In ya ci sai ƙaiƙayi, kumburi, tari da amai. Prausnitz kuwa yana cin kifinsa lafiya. Sai Prausnitz ya ɗebi ruwan jinin abokinsa, ya tsira kaɗan cikin fatar kansa. Washegari ya sa ruwan kifi daidai wurin. Wurin ya kumbura ya yi ja. Ya sa ruwan kifin a wani gefe da ruwan jinin bai taɓa ba. Shiru.

Ka ga kifi ɗaya ne, fata ɗaya ce. Abin da ya bambanta shi ne ruwan jinin Küstner. Ke nan matsalar tana cikin jinin mai ci. Ba ta hannun mai dafawa. An daina irin wannan gwaji tuni, don jinin wani na iya ɗauke da cuta.

An ƙara shekara 45 kafin a kama abin da ke cikin jinin. A 1966 wasu masana ƴan Japan, miji da mata, Kimishige da Teruko Ishizaka, suka gano shi a birnin Denver na Amurka. Wasu masana a Suwidin su ma suka iske shi ta tasu hanya. A 1968 aka sa masa suna IgE.

Ga yadda abin yake, a misalce. Jikinka birni ne mai ganuwa, kamar Tasawa ta da. Cikin jini akwai dogarai masu tsaron ƙofa. Aikinsu kama ɓarawo, wato ƙwayar cuta da tsutsar ciki. Wata rana baƙo mai gaskiya ya shigo, tattasai ko gyaɗa ko kifi. Dogaran wani mutum sai su yi kuskure, su ɗauke shi ɓarawo, su riƙe kamanninsa. Ranar ba abin da ke faruwa. Ranar da ya sake dawowa sai a buga gangar yaƙi. Jiki ya saki wani sinadari mai suna histamin. Shi ke kawo ƙaiƙayi da kumburi da majina. In ya yi yawa ya matse hanyar numfashi, ya sa ƙarfin bugun jini ya faɗi. Garin korar baƙo ɗaya, dogarai su rushe gari.

Wannan hali yakan bi jinin gida. In uwa ko uba na da fuka, ko yawan atishawa, ko ƙaiƙayin fata, ƴaƴa sun fi kusa da samu. Amma ba a ɗaukarsa wajen wani. Cin abinci kwano ɗaya da mai shi ba ya sa maka komi. Yakan fara tun yarinta, yakan kuma fara bayan mutum ya yi furfura.

Ba ci kaɗai ke tayar da shi ba. A ƙasar Holan ana noman tattasai cikin manyan ɗakunan gilashi. A wani bincike da aka buga a 2002, an gwada ma'aikata 472 na irin waɗannan gonaki. Aka tarar wajen 1 cikin 3 jikinsu ya riga ya ƙulla gaba da garin furen tattasai. Lambunmu a fili yake, iska na kwashe garin. Duk da haka, in kai mai lambu ne, kuma atishawa da ƙaiƙayin ido ba su kama ka sai tattasai ya yi fure, ga inda za ka duba.

Mutum nawa suka ci?

Mu koma gidan sunan nan. Kafin a kira boka, kafin a nuna wata da yatsa, a yi tambaya ɗaya: mutum nawa suka ci, mutum nawa suka kwanta?

In da yawa suka kwanta da amai da zawo, abincin ne ya lalace, ko ruwan ba shi da tsabta, ko akwai maganin ƙwari a jikin kayan lambun. Wannan na ƙarshe ba wasa ba ne. Wasu masu lambu na fesa magani yau su tsinka gobe. Wasu ma na fesa fiya-fiya, wanda ba a yi shi don abinci ba. Tunda ka iya karatu, duba takardar da ke jikin kwalba. Akan rubuta kwana nawa za a jira tsakanin feshi da tsinka. In da faransanci aka rubuta, kai wa malamin gona ya karanta maka. Ke kuma uwargida, wanke kayan lambu da ruwa mai tsabta kafin ki yanka.

In kuwa mutum 1 ne kawai, kuma alamar ƙaiƙayi ce da kumburi, kuma ta zo cikin ƴan mintoci ko kafin sa'a 2, to, a fara tunanin borin jini. In an tuna ya taɓa yin haka bayan cin irin wannan abinci, magana ta ƙara ƙarfi.

Sai dai kada a yi saurin ɗora wa tattasai. Waɗanda suka fi shi tayar da borin jini a duniya su ne gyaɗa, madarar shanu, ƙwai, kifi, riɗi, waken suya da alkama. Fara ma takan tayar wa wasu. Haka harbin zuma, haka allurar fenisilin. Ɗauki kilishin nan da Tasawa ta yi suna a kansa. A jikin jan kilishi akwai tunkuzar gyaɗa, akwai tattasai, akwai citta da kanumfari. Yajin tsire ma ƙuli-ƙuli ne da tonka. In kilishi ya kumbura maka baki, kana iya barin tattasai shekara 10 a banza, alhali gyaɗa ce abokiyar gabarka.

Kuma wanda tattasai bai taɓa yi wa komi ba, kada ya bar shi don tsoro. A 1932, a garin Szeged na ƙasar Hangari, matar wani masani mai suna Albert Szent-Györgyi ta kawo masa tattasai da abincin dare. Shi da bakinsa ya ce ba ya sha'awar ci, kuma ba ya so ya ɓata mata rai. Sai ya ce zai tafi da shi ɗakin bincike. Ya auna, ya tarar cike yake da bitamin C. A 1937 shi ma ya sami kyautar Nobel. Bitamin C na ƙarfafa dasashi, yana sa miki saurin warkewa, yana taimakon jiki ya amfana da sinadarin ƙarfe da ke cikin hatsi da wake. Ɗanyen tattasai ya fi lemo yawansa.

Ranar da numfashi ya sarƙe

Yawancin masu borin tattasai, abin yakan tsaya a baki: ƙaiƙayin leɓe da harshe da maƙogwaro, ya wuce da kansa. Irin waɗannan da yawa suna cin dafaffe lafiya. Wasu kuwa ko dafaffe ko busasshe bai bar su ba. Wanda ya taɓa yin mai tsanani kada ya gwada da kansa a gida, ko da ɗan yanki ne. Bori na gaba yana iya fin na baya.

Ga alamun da ba a jira da su. Harshe ko maƙogwaro ya kumbura. Murya ta dishe. Numfashi na fita da ƙyar, yana ƙara. Jiri, ko suma. Amai ba tsayawa, tare da ƙuraje a duk jiki. A jariri, jikinsa ya saki ya yi laushi. In ka ga ko ɗaya cikin waɗannan, irin abin da ya kashe karen Paris ne ke neman faruwa.

A kwantar da mutum, a ɗaga ƙafafunsa. In numfashi ya fi masa sauƙi a zaune, a bar shi ya zauna. Mai ciki a kwantar da ita ta gefen hagu. Kada a tsayar da shi, kada a sa shi tafiya da ƙafa. Kada a ɗura masa nono ko manja ko jiƙo, don zai iya shaƙewa. Kada a yi masa turare. A ɗora shi a mota ko amalanke, yana kwance, zuwa likita mafi kusa. In akwai lambar ma'aikacin likita, a buga masa waya tun ana hanya.

Maganin wannan hali allura ce mai suna adirenalin, ana yin ta a cinya. Wani masani ɗan Japan, Jokichi Takamine, shi ya tace sinadarin a 1901. Tana buɗe hanyar numfashi, ta tayar da bugun jini cikin ƴan mintoci. Ƙwayoyin ƙaiƙayi kuwa, irin su Polaramine da Phenergan, asalinsu binciken da Daniel Bovet da Anne-Marie Staub suka yi a cibiyar Pasteur ta Paris a 1937. Suna rage susa da ƙuraje, suna kuma sa barci. Amma ba su buɗe maƙogwaron da ya toshe. Kada ka tsaya neman mai tallar magani a kasuwa alhali ɗan'uwanka na kokawa da numfashi.

In an samu sauƙi kada a yi gaggawar komawa gida. Abin yakan dawo bayan wasu sa'o'i. In ma'aikacin likita ya ce a wuce babbar likitar Tasawa ko ta Mayahi, ko ma Maraɗi, a wuce.

Ɗauko littafinka

Na'urar auna IgE a jini sai manyan birane. Amma Pirquet da Prausnitz da ido da alƙalami suka fara, kai ma kana da su.

Ware shafi guda a bayan littafinka na yaƙi da jahilci. Duk ranar da abin ya tashi, a gare ka ko a ɗanka, rubuta kwanan wata. Rubuta abin da aka ci, har kayan da ke cikin miya da yaji. Rubuta ɗanye ne ko dafaffe. Rubuta tsawon lokaci tsakanin ci da fara susa. Rubuta mutum nawa suka ci tare. Ga misali:

Talata, 4 ga wata. Shinkafa da wake, da mai, da albasa, da ɗanyen tattasai. Mu 6 muka ci. Ni kaɗai leɓena ya kumbura, kafin a ɗauke kwano.

Bayan karo 2 ko 3, duba abin da ya fito a kowane layi. Kai wa ma'aikacin likita shafin ya gani. In ya tabbata tattasai ne, gaya wa duk matan gida, gaya wa mai tsire da mai awara da mai tuwon kasuwa. A ɗebe maka naka kafin a zuba. A wanke wuƙar da ta yanka shi kafin ta taɓa abincinka. In yaro ne, a sanar da kakarsa da malaminsa na lakwal da na allo. Sunan abincin kuma rubuta shi da manyan baƙaƙe a ƴar takarda, ka sa a aljihu tare da katin ɗan ƙasa, saboda ranar da za ka yi tafiya inda ba a san ka ba.